Fok ɗin da Baba Sifana ya yanka

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Sifana ya yi yana gyaran keke a rumfa ɗaya, tsakanin mai walda da mai faci. Sunan ya samo shi ne daga sifanar da ba ta barin aljihunsa, har gidan biki. Ba shi da fara'a, ba ya kuma ƙarya a kan aiki. In kekenka ya mutu zai ce maka ya mutu.

Da ƙarfe ya saba. Ƙarfe in ya gaji yana lanƙwashewa, ko ya yi tsatsa, ko ya yi ƙara, mai shi ya ankara. Da kekunan tsere na kabon suka fara shigowa sai da ya koma ɗalibi da furfurarsa. Ya sayi karyayyun sassa ya farfasa, ya ga ashe zare ne aka jera aka daskarar da gam. Kabon ba ya gargaɗi. Yau lafiya, gobe ya tsinke gaba ɗaya.

Mijin autarsa, wanda ake kira Dogo, ma'aikacin jinya ne a wani asibiti da ke ƙasan tudu. Kullum a keken tsere yake zuwa, kuma gangaren nan mai tsawo ne, da lanƙwasa biyu masu kaifi. Tun da manyan motoci suka farfasa kwaltar, siririyar tayarsa ba ta mako ba ta fashe ba. Sai ya ƙudurta sa taya mai faɗi. Matsalar ita ce fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba. Nasa matsattse ne, faffaɗar taya ba ta shiga.

Baba ya ɗauko masa na ƙarfe daga bayan rumfa. Dogo ya ɗaga shi ya yi dariya.

"Baba, wannan ai turmi ne. In na sa shi sai dai in tura keken a hawan tudu."

"Turmin zai kai ka gida," in ji Baba.

Wata uku Dogo yana nema a waya. Mai faɗi ya yi nauyi, marar nauyi ya yi matsi, wanda ya haɗa biyun wuyansa bai dace da keken ba. Ran nan da hantsi sai ga shi da kwali a hammata, bakinsa har kunne.

"Baba, an dace. Na kabon ne, na hannu, amma kamar sabo. Ɗaga ka ji."

Baba ya ɗaga. Kamar ba komai a hannunsa. Ya zura faffaɗar taya, ta shige da sarari. Sai ya cire ta, ya sa yatsa a ƙarƙashin inda ƙafafun suka haɗu, ya shafa a hankali. Wurin ya yi santsi fiye da kima. Ya kai hanci, ya ji warin sabon fenti. Ya ɗauki ɗan guntun ƙarfe ya ƙwanƙwasa ƙafar hagu, sauti ya fito tas. Ya hau sama zuwa mahaɗar, sautin ya dushe, kamar an buga jiƙaƙƙen katako.

Ya san abin da aka yi, don shi ma ya sha yi wa fok na ƙarfe: a sa magagari a ci cikinsa har taya ta samu wuri. A ƙarfe ba komai. A nan duk gugar magagari zare take yankewa.

"Malam," ya ce, don bai taɓa kiran surukinsa da wani suna ba, "an goge wannan. Ba haka ya fito daga kamfani ba."

"Mai shi ya rantse mini, Baba."

"Mai shi ba zai sauka gangare a kansa ba."

Dogo ya sunkuyar da kai cikin ladabi. Can ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, amma Auta ta ce kwanan nan sai an maimaita maka magana sau biyu. Ko dai sautin ne..."

Mai walda ya leƙo daga rumfarsa. "Dogo, kunnen tsohon nan mutane kawai yake ƙin ji. Ƙarfe kam ko raɗa ya yi sai ya ji."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya duba fuskar surukinsa, ya ga an riga an yanke shawara. In ya ƙi ɗaurawa, rumfa ta gaba za a kai. Kuma ba ya iya ɗaga wa mijin 'yarsa murya a bakin titi.

"Bar shi. Ka dawo da yamma."

Da Dogo ya tafi, Baba ya daɗe zaune da fok ɗin a cinyarsa. Ya sake ƙwanƙwasawa da kunnen dama, ya sake da na hagu. Wani bugun ya ji dushewar, wani bai ji ba. Daga nan ya matse shi a teburin aiki, ya ɗauko zarto, ya raba mahaɗar biyu. Baƙar ƙura ta zubo masa a kan takalmi.

Cikin, gefe ɗaya ya fi ɗayan siranta. Ba da yawa ba, kamar kaurin farce.

Da yamma ya miƙa wa Dogo gutsattsarin biyu ya nuna masa wurin. Dogo ya juya su a hannu.

"Ai haka ake yin su, Baba. Ba a daidaita kauri."

Dogo bai yi faɗa ba. Ya mayar da su kwali, ya ce wanda ya sayar masa yana da wani irinsa, ya yi sallama ya tura kekensa.

Bayan mako guda Baba ya gan shi ya wuce da safe, taya mai faɗi a gaba, fok baƙi yana ƙyalli. Wani ya ɗaura masa. Dogo ya ɗaga hannu daga nesa, bai tsaya ba.

Wata biyu ke nan. Ran Talatar da ta wuce Auta ta kawo wa mahaifinta abinci a rumfa. Tana buɗe kwano tana hira, har ta ce Dogo na jin wani ɗan ƙas-ƙas a gaban keken in ya kama birki a gangare, amma ya ce ba komai ba ne.

Baba ya ajiye cokali.

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu, ko biyar."

"Ki ce ya kawo mini shi yau. Ya turo shi da ƙafa, kada ya hau."

Auta ta rufe kwanon, ba ta dube shi ba.

"Na faɗa masa, Baba. Ya ce in ya kawo, yankawa za ka yi."