Takardar da Baba ya jira

Shekarar da korona ta sa aka rufe iyakoki, ina Japan ina karatun noma. Ina haya a gidan wata tsohuwa mai koyar da rubutu da buroshi, ita kuma ke yi mini girki. Da ta ji ni Musulmi ne, sai ta ɗauke kwalbar giyar da suke zubawa a miya, ba ta sake fito da ita ba.

Ita ta koya mini dunƙula shinkafa da gishiri a tafin hannu. Ni ko sai in matse ta kamar dawo. Ta kan bugi yatsuna ta ce, “Sassauta, ba faɗa kuke ba.” Haka ma buroshin. Na saba da alƙalamin kara, ina dannawa, tawada ta malale, takardar ta huje.

Kafin in tafi, Baba ya raka ni daga Tibiri har tashar Maraɗi. Shi ya koya mini ajami da tawadar ƙaro. Ya ce, “Ban son murya ta salula. Aiko mini da takarda, in ga ko hannunka ya lalace.”

Na yi ta gwadawa da buroshi, don in burge shi. Baƙaƙen suka fito a kumbure, kamar na ɗan koyo. Kunya ta hana ni aikawa. Kullum sai in ce wata mai zuwa. Ana cikin haka Allah Ya yi masa rasuwa, babu jirgin da zan hau. Ranar tsohuwar ta dunƙula shinkafa, ta ajiye a bakin ɗakina.

Da na dawo, Inna ta ɗauko mini gafakarsa. A ciki akwai littafin waƙoƙin wa'azi da yake kwafa, saura shafi ɗaya.

Ta ce, “Malam ya ce a bar maka. Ya ce tunda ba ka aiko ba, ka zo ka rubuta a nan.”

Na yi alwala, na feƙe alƙalaminsa, na jiƙa tawada. Hannuna ya tafi a hankali, ba dannawa. Na gama bayan la'asar.

Inna ba ta karatu, amma ta shekara arba'in tana kallon rubutunsa. Ta jera shafina da nasa, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, “Bai lalace ba. Rufe, ka yi masa addu'a.”