Batirin Makullin Lubabatu

Wata rana, ranar Lahadi ce, wata baiwar Allah mai suna Lubabatu ta je gaishe da iyayenta a Gusau.

Tun a hanya rimot ɗin makullin motarta yake mata gardama. Sai ta danna, ta sake dannawa, kafin ƙofa ta buɗe. Ta tsaya wani shago ta sayi sabon batir, irin ɗan faifan nan mai kama da maɓalli, ta jefa a jaka da niyyar sawa idan ta koma gida.

Mahaifinta Malam Tanimu tsohon mai gyaran agogo ne. A teburinsa na bakin kasuwa ya ci da 'ya'yansa, ya tufatar da su, ya yi musu karatu.

Sai ciwon rawar hannu ya kama shi.

Ya bar kasuwa. Aka hana shi hawa babur. Har ta kai shayi ma rabin kofi ake zuba masa, don kada ya ƙone.

Bai taɓa yin ƙorafi ba. Shiru dai ya yi masa yawa.

Ranar, bayan sun gaisa, Lubabatu tana laluben wayarta sai batirin ya faɗo daga jaka kan tabarma.

Tsohon ya ɗauka ya kai kusa da ido. Fuskarsa ta washe, irin washewar da ta daɗe ba ta gani ba.

"Uwata, na mene ne wannan?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Ta ce na makullin mota ne.

Ya ce, "Kawo in sa miki. Ai wannan aikinmu ne."

Da kansa ya miƙe ya shiga ɗaki. Ya fito rungume da tsohon akwatin kayan aikinsa, ya share ƙurar da hannun riga. Ya sa tabarau, ya shimfiɗa farin ƙyalle a cinya kamar yadda yake yi a da.

Ya ɗauki ɗan sukundireba ya nufi tsagar makullin.

Hannu ya ƙi tsayawa.

Ya sake gwadawa, ƙarfen ya zame ya karce masa yatsa. Batirin ya gangara ƙarƙashin kujera. Lubabatu ta ɗauko masa. Ya ce, "Saura kaɗan," gumi na tsattsafo masa a goshi.

Ita kuwa wayarta sai ƙara take. Maigidanta ne, baƙi sun iso gida suna jiranta.

Ta miƙa hannu ta zare makullin daga hannunsa. Ba da faɗa ba, da murmushinta ma.

Ta ciro ɗan makullin ƙarfen da ke ɓoye cikin rimot ɗin, ta sa bakinsa a tsagar ta murɗa, murfin ya rabu biyu. Ta fitar da tsohon batirin, ta duba yadda yake kwance, ta kwantar da sabon haka, ta matse. Ta danna, motar ta amsa daga ƙofar gida.

Malam Tanimu ya ce, "Ashe kin iya."

Ta ce, "Ai ba wani abu ba ne Baba, ko yaro zai iya."

Ya kalli hannayensa.

"Haka ne. Ko yaro."

Ta yi musu sallama ta tafi, ba ta san ta yi komai ba.

Sai da aka kwana biyu mahaifiyarta ta kira ta. "Me kika faɗa wa babanku? Tun tafiyarki bai ci abincin kirki ba. Jiya ya kira maƙwabcinmu ya ba shi akwatin nan kyauta."

Akwatin da ko su 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba.

Nan take Lubabatu ta tuna maganar da ta faɗa masa. Ƙarshen mako ta nemo wani agogonta da ya tsaya, ta je ta durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah duba min wannan. Babu wanda na yarda da shi sai kai."

Ya gane abin da take nufi. Ya yi ɗan murmushi, ya tura mata agogon da bayan hannu.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Kai wa masu hannu."

Ta nemi gafararsa tana kuka. Ya ce ba ta yi masa komai ba, gaskiya ta faɗa.

Wannan amsar ta fi mata zagi ciwo.

Kafin azumi ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Bai sake cewa kowa "kawo in yi maka" ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Baƙin da ta yi wa sauri kuwa, yau ko sunayensu ba ta iya tunawa.

Darasi:

Idan tsohonka ya ce "bari in yi maka", ba aikin yake nema ba. So yake ya ji har yanzu yana da amfani a wurinka.

Ka zauna. Ka jira shi. Ko ya ɓata, gyarawa ba ta da wuya. Zuciyarsa ce idan ta karye ba ka da inda za ka kai ta.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu da iyayenmu da suka riga mu. Wanda nasa ke raye, ya tura wannan ga 'yan uwansa tun da sauran lokaci.