Zarton Da Na Sa Wa Firijin Kakata

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi, ko Allah zai sa wani ya tsira daga irinsa. Ba zan faɗi sunana ko na garinmu ba. Ya isa in ce ƙauye ne a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. A shekarun tamanin ni saurayi ne wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Da ƙyar na gama firamare, gona kuwa na ƙi ta. In babana ya tura ni ban-ruwan tumatir, sai in buɗe ruwa in tafi yawo, in dawo in tarar ya malale gonar maƙwabci. An kai ni wajen tela na gudu. Na yi karen mota daga Garun Mallam zuwa birni, shi ma na bari. Kowa faɗa yake yi mini, ban da kakata, mahaifiyar babana. Saboda wasan kaka da jika, angonta take kira na. Takan ce Allah ya haɗa ta da miji mai ƙaiƙayin ƙafa, ran da ta mutu sai an bi kasuwanni ana cigiyata kafin a sallace ta.

Daga ƙarshe kawuna ya kai ni birni wajen wani dattijo mai gyaran firij da iyakwandishan da hitar ruwan wanka. Mutum ne mai sanyin hali, kuma sanyin nan nasa shi ya fi ƙona mini rai. In an kawo firij ba ya barin a taɓa shi da ƙarfe sai an tambayi mai shi yadda ciwon ya fara, a kunna a kasa kunne, a bi bututu da tafin hannu. In an gama gyara kuma ba a mayar wa mai shi sai an ga ƙanƙara da ido. Ni abin da ke burge ni shi ne ɗurin gas: a yanke bututu, a yi walda, a jona tukunyar gas, nan da nan ka ga raɓa ta kwanta a jikin ƙarfe. Da na ga yawancin firijin da ake kawowa gas ne ya zurare musu, sai na yanke wa kaina cewa sana'ar ke nan gaba ɗaya. A wani lungu na shagon akwai firij masu aiki da kananzir, waɗanda ake kawowa daga ƙauyuka marasa lantarki. Dattijon ya hana mu ƙananan yara kusantarsu, yana cewa waɗannan halinsu daban ne, lokacinsu zai zo. Ni kuwa na ɗauka rowar ilimi yake yi, don ya daɗe yana morata bai yaye ni ba. Na yi shekara da 'yan watanni, na tsiri rigima na fita. Na sayi tsohon zarto da filaya da 'yar tukunyar gas a kasuwa. Dattijon ya aiko wani abokin koyona ya faɗa mini cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ƙofa kuma a buɗe take. Na ce a gaya masa na gode, amma ni na wuce share shago.

Na koma gida ina tafiya ina kaɗa jakar kayan aiki. Samari suka sa mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya. A majalisa sukan ce ba su taɓa ganin mai gyaran kayan wuta a garin da babu wuta ba, sai ka ce mai kwalekwale a kan tudu. Na taɓa gyara wata fanka da firij ɗaya a Kura bisa sa'a, na riƙa ba da labarin har suka gaji. Firij ɗaya tak ke unguwarmu, shi ne na kakata, mai kananzir. Saniyarta ta sayar da tumakinta ta saye shi a hannun wani mutumin Madobi. Da shi take ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, 'yan mata su kai wa masu yankan alkama. A shekarun nan azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa, in la'asar ta yi sakaliya sai ka ga kwanuka sun yi layi a ƙofar ɗakinta. Ba ta roƙon kowa komai. Tana shafa firijin nan tana cewa shi zai kai ta Makka in Allah ya yarda.

A cikin azumin ne ya daina sanyi. Ta gaya mini da bakinta cewa tun ran da aka ja shi zuwa wata kusurwa don a yi sabon daɓe ya soma lalaci, kuma wutar fitilar da ke ƙarƙashinsa ta koma ja tana hayaƙi. Na ji, amma ban saurara ba. Ta ce za ta aika wa mutumin Madobi ran kasuwa. Abin ya yi mini ciwo, domin abokaina na zaure suna ji. Na ce wato ga Injiniya a gida amma sai an ɗauko baƙo. Ta yi dariya ta ce angon nata ya cika fushi da azumi a baki, to ga shi ga firij, kada a ce ta raina mijinta a gaban mutane.

Bayan azahar na shiga. Ɗakin da duhu, sai ta riƙe mini tocila. Na juya bayan firij ina neman kwamfiresa, wato injin da ke tura gas a firij na lantarki, ban gan shi ba. Baƙaƙen bututu ne kawai masu kauri sun nannaɗe, sai fitila a ƙasa. Zuciyata ta ce in tsaya, amma ina jiyo muryar abokaina a zaure suna tambaya ko Injiniya ya gama. Kakata ta dube ni ta tambaye ni ko na taɓa gyara irin wannan. Na rantse mata, da azumi a bakina, cewa na gyara irinsa ba adadi, gas ne kawai ya ƙare. Na hure fitilar, wannan ce kaɗai dabarar kirki da na yi a ranar, na zaɓi bututu ɗaya na ɗora zarto. Ƙarfen ya yi tauri, ba kamar jan ƙarfen da na saba yankewa ba. Wannan ma gargaɗi ne, na ƙara ƙarfi. Ta sunkuyo don ta haska mini sosai, tana tsokanata wai hannuna na rawa kamar na ɓarawon kaza.

Ba ta rufe baki ba na ji wani tsaki mai ƙarfi, wani farin abu ya feso. Warinsa kamar na tsohon fitsari ne, amma mai yanka maƙogwaro, numfashi ya ɗauke mini. Ni ina gefe, ita kuwa fuskarta na daidai wurin. Na ji tocila ta faɗi, na ji ta tana kiran sunana na gaskiya, ba ango ba. Edita, nan ne inda alƙalamina ke nauyi. Ban kama hannunta ba. Na yi waje da gudu, na yi karo da randar da ke bakin ƙofa ta kife. Na ratsa zaure ban kula kowa ba, na bi gefen kanal ina tari har bakin titi, na ɗare motar buhuna mai zuwa Zariya. Daga baya na ji matan maƙwabta ne suka toshe hanci da mayafi suka jawo ta.

Daga nan ban sake samun zama ba. Na yi dako a Zariya, na yi wankin mota a Kaduna, na gangara Jos. Duk garin da na fara sabawa da shi sai in ji kamar ana bi na. In na bi lungun da ake fitsari, warin ya mayar da ni ɗakin nan, in rasa abin da ke mini daɗi. Ba na iya shan ruwan ƙanƙara. Wata rana a kasuwa na yi kiciɓis da wani mai fataucin albasa ɗan yankinmu. Shi ya gaya mini tana da rai, amma idon dama ya tafi, na hagu kuma inuwa kawai yake gani. Ya ce likita a birni ya faɗa cewa da an yi ta kwarara mata ruwa a ido nan take, da wataƙila an ceci ganinta. Na tuna randar da na kifar. Ya ƙara da cewa ita ta shaida wa kowa firij ne ya fashe da kansa, ni tsoro ne kawai ya kore ni. Babana ya ga zarto a ɗakin, ya yi niyyar yi mini baki, ta ce duk wanda ya tsine wa angonta ba ta yafe masa nononta ba. Maimakon wannan labari ya mayar da ni gida, sai ya ƙara mini nisa. Har wani azumin ya zo ya wuce ina gararamba.

Da na gaji da gudu, ban iya fuskantar gida kai tsaye ba, sai na fara zuwa wajen ubangidana. Na durƙusa na faɗa masa komai. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni abin da tsohuwa ta ce game da yadda ciwon ya fara, na ce an ja shi wata kusurwa, wuta kuma ta koma ja. Sannan ya kai ni lungun nan da ya hana mu, inda wani firij mai kananzir ke jiran gyara. Ya ɗauki almakashi ya daidaita bakin lagwani. Ya ɗaura tsumma a waya ya zura a bututun hayaƙi ya fito da baƙin toka. Ya ɗora kwanon ruwa a saman firij, ya ga ruwan ya karkata, ya cusa ɗan katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya har ruwan ya tsaya daidai. Ya kunna fitila, wuta ta fito shuɗiya. Ya ce irin wannan firij in bai tsaya daidai ba ba ya sanyi, abin da ke cikin bututunsa kuwa ba gas ɗinmu ba ne, guba ce a matse, tun daga masana'anta aka rufe shi, ba a buɗewa. Ya ajiye mini benci ya ce in zauna in jira ƙanƙara. Ban taɓa zama mai tsawo da ɗaci irin wannan ba. Washegari ya ɓamɓaro ƙanƙara ya sa mini a tafin hannu, ya ce abin da firijin kakata yake nema ke nan: almakashi, tsumma da ɗan katako. Ya ce zai karɓe ni, amma sai na je gida na dawo.

Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Kafin in yi sallama ta ce wannan takun na angonta ne, sai dai yau ya rage sauri. Na faɗi a gabanta ina kuka. Ta lalubo fuskata, ta bi idanuna da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta yi hamdala da nawa suna nan. Ta ce ita ma ta huta, yanzu ba ta ganin munin mijin da aka liƙa mata. Firijin na nan a kusurwa, ta mayar da shi ma'ajiyar kwanuka da goro. Na roƙe ta gafara. Ta ce zarto ta yafe shi tun a ranar, don hannu na kuskure. Abin da ya daɗe yana mata ciwo shi ne tana kirana tana jin ƙafata na ƙara nisa, amma shi ma ta yafe. Rantsuwar da na yi da azumi kuwa ba tata ba ce, in je in shirya da Mai ita. Sai ta tambaye ni, tsakani da Allah, ko na san firijin nan a ranar. Na ce ban san shi ba. Ta girgiza kai ta ce da na faɗi haka, da iyakacinta ta yi mako tana mini tsiya, ta aika Madobi, mu sha ruwan sanyi tare.

Na koma na ƙarasa koyo har aka yaye ni da addu'a. Kakata ta rayu shekaru bayan haka, ni nake kai ta asibiti, amma ba ta sake tsince shinkafa da kanta ba, Makka kuma ba ta je ba. Yau ina da shagona, mutane na yaba aikina, ba su san da idon wa na sayi natsuwar da suke yabo ba. Har gobe in azumi ya zo na ga yara da kwanon ƙanƙara, sai in tashi in yi ta zagaye shago ba dalili.

Kirana ga matasa masu koyon gyaran firij, ko injin ban-ruwa, ko kowace irin sana'a: kada ku bar ubangidanku don kun iya abu ɗaya, domin lungun da ya hana ku shiga akwai dalili. Ku saurari mai kaya, sau da yawa maganin na cikin bayaninsa. In ɓarna ta auku ta hannunku, ku tsaya, don gudun ya fi ɓarnar muni. Duk wanda ya zo koyo wurina, kafin in ba shi filaya sai na tabbata bakinsa na iya furta cewa bai sani ba a gaban abokansa. Ni kunyar faɗin haka ta hana ni, kakata ta biya da idonta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a. Allah ya haskaka kabarinta, ni kuma ya yafe mini.