Motar da Na Ɓoye wa Makiyaya

Ranar da aka miƙo mini fayil ɗin fentin mota ba ta taɓa fita raina ba, ko da yake shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ne, ina sabon dawowa daga jami'a, an ɗauke ni ƙaramin jami'i a ofishin lafiyar dabbobi a Kaduna. Aikin gwaji nake yi, wato sai shugabana ya sa hannu za a tabbatar da ni, in ya ƙi kuwa in kama gabana.

Kowane rani akan tura ma'aikata can bakin hamada su kafa tanti kusa da rijiyoyi, su yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Matsalar ita ce motocin gwamnati duk kore ne, har da ta masu karɓar jangali, harajin shanu. Da makiyaya sun hango kore, sai rabin garken ya ɓace. Baturen da ke shugabantarmu ya rubuta mini layi ɗaya: a zaɓi launin da ba zai ja ido ba.

Ni kuwa ban taɓa wuce Kano ba. Na ji tsoron yin kintace, sai na buga waya Arewa a aiko mini da rairayi. Ya iso cikin gwangwanin taba. Na dube shi da hantsi, na dube shi da la'asar, na jiƙa shi na sake dubawa. Daga nan na rubuta bayani shafi bakwai, na kawo launi uku, ban tsaya a kan ko ɗaya ba.

Kwana huɗu na yi a gareji a kan Malam Audu mai fenti. Ya dama, in barbaɗa rairayin a ƙofar motar, in ja da baya, in ce kamar ya ɗan yi duhu.

"Malam, tsakani da Allah, mota za mu shafa ko lallen amarya muke kwaɓawa?" in ji shi.

Direbanmu, Malam Tanko na Unguwar Shanu, wanda ya girme ni nesa, ya zagaya ta ya ce, "Yallaɓai, shekara goma sha ina tuƙi, ban taɓa hawa motar da ta yi kama da tuwon dawa ba."

Ban saurare su ba. Har tanti da durom ɗin ruwa na sa aka shafa.

Mun isa rijiyar farko bayan kwana biyar, ko shida. Na sa Malam Tanko ya laɓe da motar bayan wani tudun rairayi, na hana a yi hayaƙi da rana. Gaskiya fentin ya yi. Taku ɗari in ka ja baya, sai ka nemi motar ka rasa. Amma kwana uku ko ɗan maraƙi bai zo ba, alhali bara an samu rabi. Maganin allurar kuwa ba ya jure zafi, ina kallonsa ina ganin aikina yana narkewa.

A rana ta huɗu da safe na fito da buta, sai na ga mutane sun kewaye mu da kwari da baka. Butar ta faɗi. Malam Tanko ya fito yana sallama, ya ciro goro, ya durƙusa gaban wani tsoho, arɗonsu. Da aka gama gaisuwa, tsohon ya dube ni.

"Yaro, kai ne babbansu?"

"E to, Baba, kusan haka ne."

"Tun kuna tafiyar yini muka ji kukan motarku. Mun ce gwamnati ce, muka duba ba mu ga kore ba. Koren nan mun san shi, muna ɓoye rabi mu kawo rabi. Amma wanda ya zo rijiya ya laɓe, bai hura wuta ba, bai yi sallama ba, mu ɓarawon shanu muka san yana haka."

Na fara bayanin shafi bakwai ɗin nan. Malam Tanko ya taka mini ƙafa, ya shiga tanti ya ɗauko jan bargonsa, ya hau ya shimfiɗa a rufin motar.

"Baba Arɗo, daga yau in kun ga ja, masu allura ne. Ba ma ƙirga wa kowa saniya."

Tsohon ya jinjina kai ya ce, "To, ku fito da ita kan tudu, mutane su gan ku."

Kafin la'asar ƙurar shanu ta rufe rijiyar, kuma ba rabi aka kawo ba.

Da muka dawo Kaduna na rubuta rahoto, na nemi a shafa wa rufin motar jan fenti. Bature ya sa hannu a kai, ya kuma sa hannu a takardar tabbatar da ni, ya ƙara da cewa wannan ne karon farko da na faɗi abu a shafi ɗaya. Malam Audu kuwa da ya ga na shigo gareji, cewa ya yi, "Jan ma sai an aiko maka da shi a gwangwani?"

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne mai zuwa da alheri gara a hango shi daga nesa, kuma kafin a tambayi rairayi a tambayi masu zama a kansa. Waɗanda suka shaida abin, don Allah su aiko mini da gyara. Malam Tanko dai ya riga ya aiko da nasa: wai ba butar kaɗai ce ta faɗi ba.