Baba Dalhatu da Bangon Yamma na Tsohuwar Kotu

Ranar Laraba, tara ga watan Shawwal, bayan azahar, Mahbub ya kira ni daga Mainika ya ce Allah Ya yi wa mahaifinsa, Malam Dalhatu magini, rasuwa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba Dalhatu, shekara talatin na yi ina magatakarda a tsohuwar kotun alƙali ta garinmu, ƙarƙashin rufin azarar da mahaifinka ya ɗaura. Soro ne mai sanyi ko a tsakiyar bazara, har masu ƙara kan shigo a fusace su huce kafin alƙali ya zauna. Duk shekara kafin ruwan farko sai mu gan ka da tsani a kafaɗa, ba wanda ya aika maka. Ka gyara indararo, ka ta da zankon da ya karye, ka yaɓe bango da makuba. In ɗaliban kwaleji suka zo awo da ɗaukar hoto, sai ka bari su gama, sannan ka sa su dafa bangon da tafin hannu su ji kaurinsa.

Ni ne na sa aka shafe bangon yamma da siminti, shekarar da muka yi baƙi daga Kano. Ka ja ni gefe ka ce, "Malam Badamasi, ginin ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe shi, ta ciki zai ruɓe." Na yi dariya, na ce maka zamani ya canza. Damina huɗu aka yi simintin ya ɓantale, ƙasar bayansa ta zubo kamar gari. Ko sau ɗaya ba ka goranta mini ba. Ka naɗe hannun riga ka shiga curin tubali.

Shari'a ta koma sabon gini, ni na yi ritaya, kai kuwa ka ci gaba da ta da bangon nan kaɗan-kaɗan, gwargwadon ƙarfin tsufa. Yaɓe kawai ya rage ka kwanta ciwo. Ban taɓa buɗe baki na ba ka haƙuri ba, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Yanzu hadari ya fara haɗowa, bangon yana tsaye ba yaɓe. Jiya na jiƙa ɓawon ɗorawa a randa don in haɗa makuba, sai na tsaya, ban san kwana nawa ake barinsa ba. Shekara talatin ina kallonka, ban tambaya ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Iyalansa, Inna Marka, Mahbub da Adawiyya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Duk wanda ya taɓa cuɗa ƙasa tare da shi, daga Gwarzo har Kabo, don Allah ya same ni a bakin kotun ranar Asabar da safe, mu yaɓe bangon nan.