Mai Ɗura wa Abu Yazan Harsashi

A shekarar 1988 na fara haɗuwa da Nuraddeen, a ƙofar wani masallaci a unguwar Nuzla ta Jidda, bayan La'asar. An gaya masa akwai wani akawun kamfanin jiragen ruwa, mutumin Zariya, wanda ya yi makarantar mishan. Ya zo da littafi mai kauri a cikin leda, na masu ɗura harsashi da hannu, ya ce in fassara masa shafi biyu. Na ce Turancin lissafi aka koya mana, ba na bindiga ba.

Ya ce, "Karanta dai, ɗan mishan. Inda ka yi tuntuɓe sai mu tashi tare."

Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno, ɗan mafarauci. Direba ya zo Jidda, a hannun wani attajiri mai sayar da tayil, Saif, wanda kowa ke kira Abu Yazan. Shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama. Abu Yazan yana da lasin riƙe wata ƙaramar bindiga mai cin harsashi ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata, kuma kowace Alhamis yakan je nadi, wato wurin wasan harbi da ke arewa da Abhur, ya harbi takarda.

Bindigar tana da hali. A cikin bututunta, kafin inda zane ke farawa, akwai wani fili sumul da suke kira maƙogwaro, nata kuwa dogo ne. Harsashin kanti gajere ne, sai ya yi ɗan tsalle kafin zanen ya kama shi, ya tafi inda ya ga dama. Saboda haka a ɗakin ɗuri na nadin ake haɗa mata nata, a bar dalmar ta leƙo daga kwanso fiye da yadda aka saba. Wannan aiki ya koma hannun Nuraddeen. Na ga yadda yake yi. Yakan ɗauki harsashin gwaji, wanda babu albarushi a cikinsa, ya kara kan dalmar a harshen kyandir har ya yi baƙi, ya sa a bindiga ya rufe a hankali, ya fitar ya duba inda zane ya taɓa baƙin. Sai ya matsa dalmar ciki kaɗan, ya sake. Bai taɓa ɗana kunamar da kansa ba, don lasin ba nasa ba ne.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Abu Yazan yana tara ramuka wuri ɗaya a tsakiyar takarda, 'yan nadi suna zuwa ɗakin ɗuri neman shawarar Nuraddeen, wanda suke kira Ammi Nur, wato Baffa Nur. Bayan na bar aiki na koma unguwar Kurayyat a nan Jidda, wani lokaci Nuraddeen yakan biyo ya ɗauke ni, in zauna bayan gilashi ina shan shayi ina kallo.

Daga nan na ga hannun Abu Yazan ya fara rawa. Ba sosai ba, amma ramukan suka warwatsu. Ɗansa Yazan, wanda ya karɓi kantunan tayil ɗin, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa ranar da hannun babansa ya gaza, za a mayar da lasin da bindigar gaba ɗaya. Tsohon kuwa matarsa ta rasu, kasuwa ta bar hannunsa, Alhamis ɗin nan kaɗai ta rage masa.

Wata rana Yazan ya zo da kansa. Aka jawo takardar, harsashi ɗaya ma bai shiga baƙin tsakiya ba. Kafin kowa ya yi magana Nuraddeen ya ɗauki kwanso ya juya shi a yatsunsa.

Ya ce, "Laifina ne, ya Abu Yazan. Na tura dalmar ciki da yawa."

Abu Yazan ya ce, "Kai, tsufa ya kama ka, ya Nur. Mu sai maka tabarau?"

"Sai a sayo biyu, Ammi, ɗaya na ganin kuɗin albashina."

Aka yi dariya. Mako na gaba Nuraddeen ya ce maƙogwaron ne ya ƙara cinyewa bai lura ba. Makon bayansa ya ce danshin teku ya shiga albarushi don ya manta gwangwanin a buɗe. A mota na ce masa na ga gwangwanin a rufe. Ya ce, "Malam Usuman, kai shayi aka kawo ka sha."

Yazan ya gaji. Ya ce, "Halas, ya isa haka, Ammi Nur, ka huta. Tuƙi ya ishe ka." Ya karɓe mabuɗin ɗakin ɗuri, ya riƙa sayo wa babansa harsashin kanti. 'Yan nadi suka daina neman shawarar Nuraddeen. Na ji wani yana cewa dā ma sa'a ce kawai yake ci. Nuraddeen yana tsaye a wurin, riƙe da jakar bindigar.

Amma kowa a nadin ya san wannan bindiga ba ta shiri da harsashin kanti. Tun daga ranar, duk inda harbin Abu Yazan ya faɗa, ba wanda ya sake duban hannunsa. Ya ci gaba da zuwa kowace Alhamis, yana harbi yana zagin kanti, har ciwon ajali ya kwantar da shi a 2016.

Bayan zaman makoki na je gaishe da Nuraddeen a Nuzla. Yana wajen alwala, sai matarsa Bashira ta kawo mini gahawa, ta ba ni labarin da shi bai taɓa ba ni ba. Tun yaransu suna ƙanana, an tsayar da motar Abu Yazan a shingen bincike a hanyar Madina, aka sami harsashin gwaji a aljihun ƙofar direba. Nuraddeen ne ya manta shi. Baƙo da harsashi, ko babu albarushi, ƙarshensa a soke iƙama, wato takardar zamansa, a sa shi a jirgi da iyalinsa. Abu Yazan ya sauko ya ce nasa ne, shi ya jefa shi a wurin. Aka riƙe lasinsa har gasar da ya daɗe yana shiri ta wuce. Bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa.

Nuraddeen ya shigo yana goge fuska, ya ji ƙarshen maganar. Ya zauna ya jawo finjalinsa.

Ya ce, "Hajiya, gahawar nan ta huce. Ki bar ɗan mishan ya sha."