Yaya Saratu Ta Tafi Ranar da Za Mu Sake Fara Karatu

Yau da safe ina cikin keke zan tafi unguwar Gabukka, Littafi Mai Tsarki a jakata, sai ga kiran Iliya, ɗan Yaya Saratu. Ya ce, "Mama Rifkatu, kada ki wahalar da kanki. Mama ta tafi gida wurin Ubangiji."

Na ce wa mai keken ya tsaya. Ya tsaya, na kasa sauka.

Jama'a, wurinta fa zan je. Ita ta ce in zo yau.

Yaran yanzu sun san ta da Mama Saratu mai ɗinki. Ni Yaya nake ce mata tun ina amarya a Tudun Wada, shekarun da aka daina fam aka koma naira. Kuɗin mai ya shigo, maza na sayen babur da rediyo, maigidana na jan motar auduga, sai ya yi sati bai kwana gida ba. Ɗakinta na kallon nawa. Ita ta koya mini Hausar kasuwa, don da Tangale kawai na zo garin nan.

A gidan na haifi ɗana na fari. Bai kai ga yin zama ba ya rasu.

Wata mata a coci ta zo gaisuwa, ta ce in bincika kaina, Allah ba ya hukunci a banza. Maganar ta zauna mini a ƙirji. Na daina cin abinci. Wata rana da hantsi na ɗauki Littafin maigidana, na ajiye mata a kan keken ɗinki, na ce, "Yaya, ke kin iya karatu. Nuna mini dokar da na karya."

Ta cire ƙafa daga keken. Ta ce, "Ba zan tsinto miki aya ɗaya ki tafi da ita ba. Zauna. Daga farko za mu fara."

Haka muka yi. Kullum bayan ta gama ɗinki, ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ta karanta, ni ina bin yatsanta. A nan na koyi karatu. In mun kai ƙarshen labari sai ta tambaye ni, "To, a nan wa ke neman wa?"

Da farko haushi nake ji. Ni laifina nake nema, ita tana tambayata wa ke neman wa. Amma muna tafiya sai na fara gani. Mutum ya ɓuya, Allah ya zo yana kira. Mutane sun juya baya, ya sake aiko musu. Har muka shiga Sabon Alkawari muka iso gicciye.

Ranar ta rufe Littafin ta ce, "Kin gani? Duk hanyar nan wurin Yesu take kawo mu. Allah ne ya biyo mu da kansa don ya yi sulhu da mu. Wanda ya ba da Ɗansa saboda ke, ba shi zai ɗauke naki don ya rama ba."

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ba ta bar ni a nan ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Dija ta haihu, ni kuwa ko ƙofarta ba na iya kallo. Yaya ta dama kunun gyaɗa ta miƙo mini, ta ce, "Kai mata. Ba don mu cika kai muka yi karatun nan ba." Na kai mata. Hajiya ta ɗora mini jaririn a cinya.

Da na haifi Hannatu, Yaya ce ta yi mini wankan jego. Ita ta ɗinka mata rigar makaranta ta farko, ita ta ɗinka ta aure.

Hannatun ce yanzu kwance a asibiti. Ƙodarta ta daina aiki, ana mata wankin ƙoda, jikin kullum baya yake yi. Likita ya daina kallon idona in yana magana.

Satin da ya wuce na je wurin Yaya. Ta rame, ido ya tafi, amma ta gane takuna. Na durƙusa a gaban gadonta na ce, "Yaya, me na yi kuma? Na farko ya tafi, yanzu ita ma?"

Ta laluba ta kama kunnena, kamar wata yarinya. Ta ce, "Rifkatu, da furfurarki kin koma tambayar amarci? Ki zo ran Laraba da Littafinki. Wannan karon ke za ki karanta, ni in saurara."

Yau Laraba.

Na sa mai keken ya juya da ni asibiti. Ina zaune kusa da Hannatu yanzu, tana barci, ban gaya mata ba. Na buɗe shafin farko, hawaye ya hana ni ganin baƙaƙen. Na san abin da Yaya ta koya mini, na koya wa mata da yawa a coci. Amma yau sanin ya ƙi sauka zuciyata, kuma wadda za ta tsaya da ni har ya sauka ba ta nan.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi baiwarka Saratu, ka ba ta hutawa a wurinka. Ka ta'azantar da Iliya da 'yan'uwansa. Ka dubi Hannatu. Ka dube ni, ƙarfina ya ƙare.

Duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, don Allah kada ka danna like ka wuce. Ka tsaya ka yi mana addu'a. Ku ambaci Hannatu da sunanta. Gobe da safe za su sake sa ta a injin.